Wa ya kashe yardar talaka da gwamnati: masu mulki ko masu zarginsu?

Tambaya: "Malam, ni malamar firamare ce, shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa. A zaɓen 2015 da goyo a bayana na bi layi tun safe har la'asar. A 2023 ko inda katina yake ban duba ba. Yanzu a unguwarmu duk abin da gwamnati ta faɗa, ko da sanarwar rigakafi ce, sai ka ji an ce ƙarya ne. In na kunna rediyo kuma, 'yan wannan jam'iyya suna cewa waccan ce ta lalata ƙasa, waɗancan suna mayar musu da martani. Maigidana ya ce 'yan adawa da masu rubutu a waya ne suka ɓata zukatan mutane, ni kuma na ce masu mulki ne suka jawo wa kansu. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?"

Malama, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya, ki kuma gaishe min da Maigidan. Zan fara da faɗa miki inda na tsaya, sannan in kawo dalilina. Ke ce kika fi kusa da gaskiya. Mutum ba ya daina yarda da gwamnati don kawai ya ji wani yana zaginta a rediyo. Jiki magayi ne, abin da ya gani a kasuwa da asibiti da gidan mai shi ne ya fara sanyaya masa gwiwa. Sai dai Maigidan ma ya taɓo wani abu na gaske, ko da yake ba a inda ya ɗora shi yake ba. Wannan jifan juna da laifi da kike ji kullum yana da tasa ɓarnar ta daban, kuma a iya shekarun da na yi ina koyar da kimiyyar siyasa, ita ce ɓarnar da ta fi tayar min da hankali. Gwamnati na iya gazawa mutane su canza ta. Amma idan aka kai matsayin da talaka ya rasa gane wanda zai kama da alhakin gazawar, to canjin ma ya daina yi masa ma'ana. Ina jin nan ne kika tsinci kanki a 2023.

Ba ke kaɗai ce kika ajiye kati ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 an ce kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista ne suka fito. A 2011 ya sauko kusan kashi 54, a 2015 kusan 44, a 2019 kusan 35, a 2023 kuma bai kai 27 cikakke ba. Mutum sama da miliyan 93 ne a rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su wuce miliyan 25 ba, wanda ya ci kuma da ƙuri'a kusan miliyan 8.8 ya ci. A nan dole in yi adalci ga alƙaluman. Na shekarun baya akwai aringizo a cikinsu, domin kafin zuwan na'urar tantance kati a 2015 da na'urar BVAS mai tantance yatsa da fuska a 2023, ana dangwala wa matattu da waɗanda ba su fito ba. Ƙarancin takardun kuɗi da na mai ma ya hana mutane da yawa tafiya garuruwansu a 2023. To amma ko an cire wannan duka, wanda ya tsaya a rumfar zaɓe a shekarun biyu ya ga bambancin da idonsa. Binciken jin ra'ayi na Afrobarometer da aka fitar gab da zaɓen 2023 ya nuna waɗanda suka amince da hukumar zaɓe ta INEC ba su kai mutum ɗaya cikin huɗu ba, kuma binciken nasu ya daɗe yana nuna cewa malaman addini da sarakuna sun fi zaɓaɓɓun shugabanni samun yardar jama'a.

Na yi aikin sa ido a wata rumfa a zaɓen 2015, a filin wata makarantar firamare irin taku. Na'urar ta ƙi karanta yatsun tsofaffi, ana ta goge musu da ruwan leda, rana ta take, amma babu wanda ya tafi gida. Wata dattijuwa ta zo da tabarmarta da butarta, ta yi azahar da la'asar a gindin darbejiya, ta ce ba za ta motsa ba sai an ƙirga a gabanta. Da duhu ya yi, samari suka haska fitilun wayoyinsu, ana ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya jama'a suna ƙirgawa da ƙarfi. "A kasa, a tsare, a raka" ake cewa, kuma haka aka yi, da ƙafa aka raka akwatin. Ban taɓa ganin yarda mai yawan wannan ba, kuma tun a daren na ji tsoronta. Duk wannan amanar a kan mutum ɗaya, Muhammadu Buhari, aka ɗora ta. Ba a ɗora ta a kan majalisa ko kotu ko ƙaramar hukuma ba, har ma aka ce a yi "sak", wato a zaɓi duk wanda ya tsaya a inuwarsa ba tare da an dubi halinsa ba. Wanda ya zuba dukiyarsa kaf a jirgi ɗaya, ranar da jirgin ya yi ruwa ba shi da sauran abin kamawa. Da tsadar rayuwa ta ƙaru, 'yan bindiga suka mamaye dazukan Zamfara da Katsina da Kaduna da Neja, mutane da yawa a Arewa ba su ce bari mu gwada wani ba. Cewa suka yi, in har wannan bai iya ba, to babu mai iyawa.

Yanzu ga maganar jifan juna. Babu inda ta fito fili kamar a tallafin man fetur, don haka bari in ɗan daɗe a kai.

Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141. Ƙasa ta ɗauki zafi, ƙungiyoyin ƙwadago suka tafi yajin aiki, aka cika tituna a Kano da Legas da Kaduna da Abuja, aka rasa rayuka, har gwamnati ta ja da baya ta mayar da shi naira 97. Manyan 'yan adawar wancan lokaci suna tare da masu zanga-zangar. Bola Tinubu ya yi dogon rubutu yana cewa shugaban ya karya alkawarin da ke tsakaninsa da jama'a. Muhammadu Buhari kuwa ya sha nuna shakku a kan ko ma akwai wani tallafi na gaskiya. A watan Mayun 2016, shekara ɗaya da hawan Buhari, aka kai lita naira 145, daga baya gwamnatinsa ta ci gaba da biyan tallafin da tiriliyoyin naira, ta kuma tsara kasafin 2023 da kuɗin tallafi na rabin shekara kawai. A yaƙin neman zaɓen 2023, Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi duk sun ce za su cire shi. Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na rantsuwa, Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu a gidajen mai da yawa. Waɗanda suka kare cirewar a 2012 wasunsu suka koma suka, waɗanda suka yi suka a 2012 suka koma karewa.

Malama, ki lura ban ce miki cire tallafi daidai ne ko kuskure ba, wannan muhawara ce ta daban kuma masana tattalin arziki na gaskiya suna ɓangarorin biyu. Abin da nake nuna miki shi ne darasin da ɗan shekara ashirin a 2012 ya koya kafin ya kai talatin da biyu. Ya ga magana ɗaya ta zama zalunci idan wancan ne a kujera, ta zama sadaukarwa idan wannan ne. Ya ga ba a taɓa fitowa an ce masa, a da mun yi kuskure, ga abin da muka gano da muka shiga ofis ba. Canza ra'ayi ba laifi ba ne, duk mai hankali yana canzawa idan ya ga hujja. Canzawa a yi shiru kamar ba a taɓa faɗar ta farko ba, shi ne yake koya wa mutane cewa kalmar ɗan siyasa ba ta da nauyi, daga kujerar da yake kai take fitowa. Idan an koyi wannan darasi, ba ya tsayawa a kan mai kawai. Yana bin sanarwar rigakafi, yana bin ƙidayar jama'a, yana bin gargaɗin ambaliya.

A cikin wannan labari akwai wani yanki da ya fi ciwo. Bayan zanga-zangar 2012, Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken badaƙalar tallafin a ƙarƙashin Faruk Lawan, ɗan majalisa daga Kano da mutane suke gani da mutunci ƙwarai. Kwamitin ya bankaɗo kamfanonin da aka biya kuɗin man da ba su shigo da shi ba. Ba a jima ba shi kansa shugaban kwamitin aka zarge shi da karɓar dala dubu 500 daga wani ɗan kasuwar mai, kotu ta same shi da laifi a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 2024. Na tuna yadda ɗalibaina suka yi jugum a aji a makon da labarin ya fita. Sun riga sun saba jin an yi sata. Abin da ya karya musu zuciya shi ne wanda aka aika ya kamo ɓarawon ne aka kama.

Sai kuma sauya sheƙa, wadda ita ce take sa zargin jam'iyya ya zama wofi a ƙasar nan. Shekaru da yawa muna jin "shekara 16 na PDP ne suka lalata ƙasa". To su wa suka yi mulki a waɗannan shekarun? A Nuwamban 2013 gwamnonin PDP biyar suka koma APC: Rabi'u Kwankwaso na Kano, Aliyu Wamakko na Sakkwato, Murtala Nyako na Adamawa, Rotimi Amaechi na Ribas da Abdulfatah Ahmed na Kwara. Atiku ya bi su a 2014, ya koma PDP a 2017. A 2018 Bukola Saraki da Aminu Tambuwal da Kwankwaso suka bar APC. Abdullahi Adamu da ya zama shugaban APC na ƙasa a 2022, shekara takwas ya yi yana gwamnan Nasarawa a PDP. Nyesom Wike ya karɓi ministan Abuja a gwamnatin APC a 2023 yana riƙe da katin PDP. Idan mai magana ya ce waccan jam'iyya ce ta ɓata, sau da yawa yana cikinta lokacin da aka yi ɓarnar, ko uban gidansa yana ciki. Talaka ya san haka sarai. Shi ya sa kike jin ana cewa duk kanwar ja ce, kuma ba jahilci ne ya sa ake faɗa ba, lura ce.

Ƙari a kan wannan, tsarin mulkinmu mai hawa uku ya ba kowa ƙofar zillewa. Ki ɗauki tsaro. Ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiharsa, amma kundin tsarin mulki rundunar 'yan sanda ɗaya ya yarda da ita, kuma kwamishinan da ke jihar daga Sufeto Janar yake karɓar umarni, sojoji kuma na tarayya ne. Don haka idan aka kai hari, gwamna zai ce ba ni da iko da ko kurtu ɗaya, Abuja kuma za ta ce ina kuɗin tsaron da kake cirewa duk wata. Kowannensu yana da 'yar gaskiyarsa, gawa kuma tana kwance. Da aka sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014, PDP ce a Abuja, APC ce a Borno, aka ɓata makonni masu tsada ana jayayya a kan wa ya bar makarantar a buɗe, har wasu suna cewa ba a ma sace kowa ba, siyasa ce. APC ta yi yaƙin neman zaɓe da wannan rauni. A Fabrairun 2018 aka kwashe 'yan matan Dapchi 110 a ƙarƙashin APC, sojoji da 'yan sanda suka fito a jaridu kowa yana cewa ɗayan ne ke da alhakin garin. Sai Ƙanƙara a Disambar 2020, sai Jangebe a Fabrairun 2021, sai Kuriga a Maris ɗin 2024. A Zamfara kuwa, Bello Matawalle ya hau kujerar gwamna a PDP, ya koma APC, Dauda Lawal ya kayar da shi a 2023, shi Matawalle kuma ya zama ƙaramin ministan tsaro, ɓangarorin biyu suka shiga zargin juna a fili a kan 'yan bindiga. Ki tsaya a matsayin manomin da ya sayar da shanunsa ya biya kuɗin fansa, ki ji yadda wannan cacar baki take sauka a kunnensa.

Canjin kuɗi ya ma fi nuna abin ƙarara, don a nan rigimar cikin gida ɗaya ce. A Oktoban 2022 Babban Banki ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1000. Kin san abin da ya biyo baya: kwana a layin banki, masu POS suna sayar da naira da naira, mai tumatir a ƙauye yana kallon kayansa suna ruɓewa. Gwamnatin APC ce ta kawo tsarin, gwamnonin APC na Kaduna da Kogi da Zamfara ne suka kai ta Kotun Ƙoli, ɗan takarar APC kuma yana cewa a wajen kamfen an shirya abin ne don a kayar da shi. To mai jefa ƙuri'a da yake son ya hukunta wanda ya wahalar da shi, wa zai hukunta?

Na taɓa zama da wani dattijo manomi a wani ƙauye lokacin da muke wani bincike. Famfon burtsatsen garin ya shekara biyu a lalace, yara suna ɗebo ruwa a rafi. Na tambaye shi, Baba, wa kuke kai wa kuka? Ya lissafa min mai unguwa, ya lissafa liman, ya lissafa wani ɗan garin da ke kasuwanci a birni wanda yakan aiko da kuɗin gyara. Na ce kansila fa? Ya yi shiru yana murza carbi, sannan ya ce kansilan ya ce ciyaman bai ba shi ba, ciyaman ya ce gwamna ya riƙe, gwamna kuma a rediyo ya ce wanda ya sauka ne ya bar baitulmali a bushe. "Ɗan nan," in ji shi, "ni ƙafata ba za ta kai inda laifin ya tsaya ba." Na rubuta wannan magana a littafina, kuma har yau ban sami bayanin da ya fi ta a cikin littattafan da nake koyarwa ba.

Wannan ya shafe ki kai tsaye, tunda albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, su ne gwamnatin da ya kamata talaka ya taka da ƙafa ya je ya same ta. Shekara da shekaru kuɗinsu yana bi ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni suke juyawa, ana naɗa kantomomi maimakon zaɓe, in an yi zaɓen ma hukumar jiha ce take shiryawa. A Kano, APC ta cinye kujerun ciyaman 44 duka a 2021 tana mulki, NNPP ta cinye 44 duka a 2024 tana mulki, kuma kusan kowace jiha haka abin yake ko wace jam'iyya ce. Kowa yana kukan wannan zalunci idan yana waje, yana aikata shi idan ya shiga. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kantomomi. Hukunci ne mai kyau, aiwatar da shi kuma ya yi ta jan ƙafa.

Yanzu bari in ba Maigidan haƙƙinsa. Gaskiya ne akwai masu cin abinci da zagi. Sojojin baka da ake saya wa fili a rediyo, da yaran da ake ba kuɗin data su yi ta yaɗa hoton ƙarya a Facebook da TikTok, suna ƙara wa wutar fetur, kuma suna raba 'yan'uwa da maƙwabta a kan mutanen da gobe za ki gan su a ɗaurin auren 'ya'yan juna. Amma ya tuna cewa masu mulki ma suna da nasu sojojin, sau da yawa ma sun fi yawa don sun fi kuɗi. Sannan suka ita ce aikin ɗan adawa. Da ba a bar NEPU da Malam Aminu Kano sun yi suka ba, da talakan Arewa bai san yana da baki ba. Ƙasar da aka rufe bakin masu suka ba ta samun yarda, shiru take samu.

Abin ba namu kaɗai ba ne. A Amurka an fara auna wannan tun 1958, lokacin kusan kashi 73 cikin ɗari suna cewa sun yarda gwamnatinsu za ta yi abin da ya dace. A 1964 ya kai 77. Yaƙin Biyetnam da badaƙalar Watergate ta Shugaba Nixon suka rushe shi, kuma alƙaluman cibiyar Pew sun nuna tun 2007 bai sake haura kashi 30 ba. Ki lura rushewar ta fara tun babu intanet, ƙarya da gazawar shugabanni ne suka fara ta. Wani abin da binciken ya nuna shi ne 'yan kowace jam'iyya yardarsu tana ƙaruwa idan nasu ne a fadar shugaban ƙasa, tana faɗuwa idan ya sauka. Tasu cutar ke nan, jam'iyyu biyu da katanga mai tsawo a tsakani. Tamu ta sha bamban: katangar babu ita, manya suna tsallakawa yadda suka so, laifi ba ya samun wanda zai manne wa.

Kin ambaci rigakafi, kuma nan ne rashin yarda yake zama asarar rai. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta a 2009. Da jita-jita ta taso a 2003 cewa allurar shan inna tana hana haihuwa, ta sami ƙasa a jiƙe. Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara da yawa suka shanye. Jita-jitar ƙarya ce, amma tsoron da ta hau kansa yana da asali. Haka a Oktoban 2020 da jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafin korona a Jos da Kaduna da Legas da wasu garuruwa. Gwamnatocin jihohi sun ce ajiyewa aka yi kafin a raba, mai yiwuwa wasunsu gaskiya suka faɗa, amma babu sauran mai saurare. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 kuma mun ga yara a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha, wasu suna kiran soja. Yawancinsu ba su taɓa rayuwa a mulkin soja ba. Sun dai ga yadda aka yi murna a titunan Yamai bayan kifar da Mohamed Bazoum a Yulin 2023. Mu da muka ga murnar da aka yi a ƙarshen 1983, muka kuma ga shekarun da suka biyo baya har 1999, wannan kira yana sa mu kasa barci.

Labarin shan innan nan kuma shi ne yake ba ni ƙwarin gwiwa, domin yardar ta dawo, kuma mun san yadda aka yi. An kawo allurar daga Indunusiya, an bar masana na gida sun gwada ta, shugabanni sun fito da 'ya'yansu an ɗiga musu a bainar jama'a, sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malamai suka ɗauki aikin gida gida, waɗanda cutar ta shanye su ma suka shiga suna magana da iyaye. Aka yi ta yi shekara bayan shekara, gwamnatocin jam'iyyu daban daban suka riƙe aikin ba tare da wani ya rushe na wani ba, har a Agustan 2020 aka tabbatar da an kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Nijeriya da Afirka. A siyasa ma muna da irin wannan. Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun ce za su soke haraji da jangali, suka hau a 1979 suka soke, dattawa har yau suna faɗa. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tsaya ranar rantsuwarsa a 2007 ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya bayyana kadarorinsa, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Uwais, duk da cewa ba a aiwatar da muhimman shawarwarin kwamitin ba. Jonathan ya kira Buhari ya amsa kaye a 2015 tun ba a gama sanarwa ba. Abu ɗaya ne ya haɗa su: mutum ya ce wannan nawa ne, na ɗauka. Ki duba yadda ake ambaton waɗannan abubuwan da alheri har a bakin waɗanda ba su zaɓe su ba.

Ba zan ce miki ki yarda da gwamnati ba, Malama, yarda ba a roƙonta. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki bari a ɓatar miki da sawun mai alhaki, don da wannan ake cin galabarmu. Idan rufin ajinku yana yoyo, wannan aikin ƙaramar hukuma ne da hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, kuma akwai kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai ɗaya ta tarayya, da ke jiran jiha ta kawo nata kason kafin a sake shi, jihohi da yawa suna barinsa ya yi shekaru a ajiye. Wannan tambaya ce da ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya yi a rubuce. Kason da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma take samu daga asusun tarayya ana wallafa shi duk wata, kuma ya ƙaru sosai tun bayan cire tallafi, don haka "babu kuɗi" tana buƙatar bayani. Idan wani ya zo da taliya da atamfa yana ba ku labarin ɓarnar waɗancan, ku tambaye shi inda yake a lokacin, da abin da ya ce a lokacin, da abu ɗaya da zai yi wanda za ku iya zuwa ku taɓa da hannu bayan shekara. Ki nemo katin nan ki ajiye shi inda za ki gan shi. Ko kin yanke ƙauna da kujerar Abuja, akwai ta ɗan majalisar jiha, wanda yake cikin masu amincewa da kasafin da makarantarku take ciki, kuma wani lokaci da 'yan ɗaruruwan ƙuri'u ake cin ta ko a faɗi.